Kurɓa Ɗaya a Ƙarƙashin Gadar Jirgi

Ba zan taɓa mantawa ba, duk fargabar da na fita da ita daga gida ranar bikin nan a kan 'yata Godiya take. Shekararta biyu da 'yan watanni, hannunta ba ya zama wuri ɗaya. In ta ga abu mai ƙyalli sai ta ja, in ta ga tsohuwa da ɗankwali sai ta fizge. Tun a gida nake yi mata gargaɗi kamar tana gane ni, ina ɗaure mata takalmi ina cewa, "Yau dai, don Allah, kada ki ba ni kunya." Na cika jaka da biskit da kayan canji. Har wata 'yar tsana na saya mata don bakinta ya yi shiru. Yarinya kuwa ta wuni lafiya lau. Uwarta ce ba a yi wa gargaɗi ba.

Bari in faɗa muku abin da nake nema, don ku san girman faɗuwar. A cocinmu na Camberwell akwai zumuntar mata, kuma suna da zanensu iri ɗaya. Wanda bai zauna a London ba zai ce zane ne kawai. Mu da ba mu da uwa ko ƙanwa a kusa mun san ba haka ba ne. In kina da zanen nan, ranar da aka canja miki shift, wato lokacin aiki, akwai wadda za ta riƙe miki yarinya. In kin haihu, tuwo zai zo har ƙofa. Na daɗe ina share coci, ina wanke kofunan shayi, ina dariya a inda ba a ce abin dariya ba. Uwar zumunta, Mama Rifkatu, ta ce da zarar an gama bikin ɗanta Dauda za a ba sababbi zane, kuma sunana yana ciki.

Akwai ranar da ta tambaye ni a gaban mata, "Maman Godiya, me mamanki ke yi a gida?"

Na ce, "Hatsi take sayarwa, Mama."

(Ba ƙarya ba ce ɗari bisa ɗari. Dawa ce. Sai dai ana jiƙa ta, ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a bar ta ta tashi, kafin a sayar.)

Mamata burukutu take dafawa, a wani ƙauye bayan Pankshin. A gindin tukunyar nan na girma. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke kai wa aladu dusa, da na ɗan tasa kuma ni ke miƙa wa dattawa ƙwarya a kan benci. Ɗan karatun da na yi, wanda bai wuce aji biyu na sakandare ba, tukunyar ce ta biya. Amma a cocinmu giya sunanta zunubi, mai dafa ta kuwa ba a ma ambata. Sai na mayar da uwata 'yar hatsi, na wuce wurin.

To, Dauda Baturiya ya aura, kuma uban amarya gidan dafa giya gare shi, irin ƙananan nan da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta wajen Peckham. Suna da yawa a London yanzu. Ranar Asabar za ka ga mutane da karnukansu da kekunan jarirai suna fita wannan suna shiga wancan. Baban Godiya da abokan aikinsa na asibiti har sun san wanne ya fi wanne, wai na kusa da kasuwa ya fi baƙar giya, na can ƙarshen layi ya fi mai ɗaci. (Ya ce shi lemo kawai yake sha. Ban bincika ba, ni ma ina da nawa abin ɓoyewa.) Uban amarya ya kafe a wurinsa za a yi liyafa. Mama Rifkatu ta yi faɗa ta yi azumi, ba ta ci nasara ba. Aka shirya a kan za a ware wa mutanen coci teburi a can lungu, da zoɓo da kunun aya.

Muna shiga ƙamshin ya tare ni. Ba warin mashaya ba ne, ƙamshin tsiron hatsi ne da aka dafa, mai zaƙi-zaƙi, irin wanda ke kama bango ya zauna. Saura kaɗan in waiga in nemi mamata da muciyarta. Tukwanensu na ƙarfe ne, dogaye har rufi, suna ƙyalli kamar kayan asibiti, amma hancina bai ruɗe ba. Na ga matan zumunta sun toshe hanci da gefen mayafi, sai ni ma na toshe. Ban tsaya nan ba. Ni ce na fi kowa ɗaga murya.

"Mama, ni ko warin ba na iya jurewa, amai yake sa ni."

Mama Rifkatu ta dafa kafaɗata ta ce, "Tarbiyya ke nan, 'yata. Daure, don Dauda muka zo."

Na ji kamar an riga an ɗaura mini zanen.

Na kama hidima. Ni ce raba shinkafa, ni ce kwashe faranti, Godiya tana cinyar Hannatu, wata ƙawata a zumunta, tana cin biskit kamar 'yar mala'ika. Uban amarya, wani mai jan gemu da rigar aiki a kan kwat ɗin biki, yana zaga baƙi yana nuna musu tukwane. Yana ɗebo hatsi a tafin hannu yana ba su su tauna, suna gyaɗa kai kamar ana wa'azi. Na ji wata Baturiya tana ce masa wannan fasaha ce. Na tuna hannun mamata da ƙunar itace ta ɓata, na ci gaba da kwashe faranti.

A teburinmu akwai Baba Ishaya, wan mijin Mama Rifkatu, wanda aka yi wa biza ya zo daga gida don bikin. Tsoho ne da ya wuce a yi masa faɗa. Ya kalli zoɓon da aka ajiye masa ya ture.

"Na hau jirgin sama don in sha zoɓo? 'Yata, zo. Je ki ce wa surukin nan namu ya ba ni nasa in ji ko ya iya."

Na kalli Mama Rifkatu. Ta ɗaure fuska ta ce, "Kai masa, kada ya tara mana mutane."

Na je, Bature ya cika kofi da wata mai launin ƙasa-ƙasa, da kumfa a kai. Na riƙo a hankali har gaban Baba. Daga nan kuma, ni dai ban san lokacin da abin ya faru ba. A gidanmu ba a miƙa wa babba ƙwarya haka kawai. Sai ka durƙusa, ka fara kurɓa a gabansa ya ga babu mugun abu a ciki, ka share bakin ƙwarya, sannan ka miƙa da hannu biyu. Na sha duka a hannun mamata a kan mantawa da wannan. Ranar nan ban manta ba. Na durƙusa da leshina na aro, na kai kofi baki, na kurɓa, na haɗiye, na share gefen da tafin hannu, na miƙa. Har da ɗan lasar leɓe, irin na wadda ke auna ko ta nuna.

Sai da na ji ɗacin a maƙogwaro na tuna inda nake.

Matan teburi suka zuba mini ido. Baba Ishaya kuwa fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa a tasha.

"Yauwa. Ga 'yar gidan mutunci. Rabon da a cire mini guba haka tun matata na da rai." Ya juya ga mata. "Kun ga yadda ta share baki? Wannan ba a makaranta ake koyo ba, hannun gidan giya ne. 'Yata, wa ke dafawa a gidanku, mamanki ko kakarki?"

Nan ne Allah ya ba ni dama in gyara. Kalma ɗaya ce. Na ɗaga kai na ga idanun mata a kaina, na ga mai ɗaukar bidiyo ya juyo, na ce, "Maƙwabciyarmu ce, Baba."

Da a ƙauye ne da zakara ya yi cara, kamar daren da almajirin nan na Littafi Mai Tsarki ya yi musun Ubangijinsa. A nan jirgin ƙasa ne ya wuce ta kanmu, kofuna suka yi ta rawa.

Baba ya kurɓi nasa ya ce, "To ki gaishe da maƙwabciyar. Ta yi renon ki da kyau." Godiya kuma ta miƙo hannu daga cinyar Hannatu tana cewa, "Mummy, me too." Wata ta yi dariya ta mayar da ita tari.

Mama Rifkatu ba ta yi faɗa ba, ita ba ta faɗa a gaban surukai. Sai da nake tattara kofuna ta matso, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Maman Godiya, amai bai zo ba?"

Na ce, "Mama, kuskure ne."

Ta ce, "Ashe hatsin mamanki jiƙaƙƙe ne."

Lahadin da ta biyo baya aka ba mata biyu zane. Da aka zo kaina aka ce za a ƙara yin addu'a a kan nawa. Har yau ana yi. Ranar da aka canja mini shift, Baban Godiya ne ke fasa barci ya riƙe ta, ko in kira in ce ba ni da lafiya. Hannatu tana gaishe ni, amma sai ta duba hagu da dama. Abin da ya fi ci mini rai, na ji Mama Rifkatu da kunnena tana gaya wa wata baƙuwa cewa surukinta yana da kamfanin abin sha. Shi mai kamfani. Uwata kuwa, ni da ta haifa ma na ba ta sunan maƙwabciya, kuma ko zanen ban samu ba. Da na faɗi gaskiya, aƙalla da abu ɗaya na rasa.

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne. In za ki yi ƙarya a kan gidanku, ki fara shawara da hannunki, don shi ba ya zuwa coci.

Yanzu ranar da suke dafawa a gidan giyar uban amarya nakan tura keken Godiya ta ƙarƙashin gadar nan. Ba na shiga. Nakan tsaya kamar ina gyara mata hula, in shaƙa in ƙoshi. In kuna neman inda za ku je, wurin ya cancanta, mutumin ya iya, duk da dai tasa ta cika ɗaci, ba ta da nauyin ta mamata. Roƙona ɗaya ne. Bidiyon bikin yana yawo a wayoyi, na san wata rana zai isa Pankshin. In ya faɗo hannunku kuma kun san mamata, ku nuna mata inda na durƙusa na kurɓa, za ta ji daɗi. Ku kashe kafin Baba ya yi tambaya.