Yadda Ake Koyar da Tagwayen Kalmomin Turanci Ba a Taɓa Alƙalami Ba

Kai da ka yi aikin jirgin ruwa ka dawo Iskandariyya ta Masar dangi na kiranka Bature, alhali Turancin naka bai wuce na sayen sigari ba, matso kusa. Turawa suna da wasu kalmomi tagwaye, a kunne iri ɗaya, a takarda kowacce da siffarta da ma'anarta. Su ke tona asirin irinka. Bi matakan da maƙwabcina Fikri ya bi, na ba ka tabbacin ba mai karɓe maka suna, balle kujerarka a walimar Juma'a.

Mataki na 1: Amsa da sauri

Ranar da yayarsa Sausan ta ce, "Fikri, 'yata Narmin na da jarrabawa a kan kalmomin nan, ga ka ga ta," bai yi inda-inda ba. Cewa ya yi, "Haba Yaya, wannan ai shan ruwa ne." Kai ma haka za ka yi, tsoro a ciki, murmushi a waje.

Mataki na 2: Manta tabarau a gida

A baki ba ka da kuskure, tunda sautin ɗaya ne. Alƙalami ne maƙiyinka. In an miƙo maka, shafa aljihu ka yi tsaki, ka ce ka baro tabarau a gida.

Mataki na 3: Mayar da tambaya

"Kawu, wannan da wannan, wacce ce wacce?"

"Ke a ganinki fa?"

"Ai da na sani da ban tambaya ba."

"Je ki duba ki dawo. Gwada ki nake yi."

Manyan malamai duk haka suke yi, ko da yake su sun san amsar.

Mataki na 4: Cika bakinka

Gidan da ake darasi ba ya rasa shayi da tiren mahshi, wato ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki. Da tambaya ta yi tsauri, jefa biyu a baki, ka ɗaga yatsa alamar a jira. Fikri ya yi ƙiba a watan nan, yarinya kuma ta gaji da jira ta haddace littafin Turancin nata kaf.

Mataki na 5: Karɓi yabo da kunya

Narmin ta ci jarrabawa. A walimar Juma'a Sausan ta yi guɗa, ta tura masa cinyar agwagwa, tana cewa, "Bature ke nan!" Fikri ya sunkuyar da kai, wallahi har da ƙwallar daɗi.

Yana sa takalmi a bakin ƙofa sai ga Narmin. Ta cusa masa littafin a aljihu, ta rage murya.

"Kawu, gobe bayan la'asar, ka zo da tabarau. Ba zan gaya wa Mama ba, amma daga shafin farko za mu fara."

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da tumbin da za ka ajiye, ko aikin gidan da 'yar yayarka za ta ɗora maka. Fikri dai yana shafi na huɗu, kuma malamar tasa ba ta yarda a ci komai ana darasi.