Rasuwar Zauren Bakin Iyaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Nu'man Jabir na Illela nake sanar da rasuwar shafina na intanet, Zauren Bakin Iyaka. Ya cika ranar Talata a gaban alƙali, yana da shekara shida a duniya.

Marigayin mai hidimar jama'a ne. Shi ke gaya wa manoman Araba da Lafani farashin albasa tun kafin su ɗora wa jaki kaya, shi ke faɗin canjin sefa, kuma ta bakinsa aka gano wasu raƙuma biyu da suka ɓata. Muryarsa ɗaya ce, ƙirrin, duk sanda wani ya ajiye magana. Na shaida ina son wannan ƙara fiye da kima.

Ciwon ajali ya kama shi da damina. Wani mai ɓoyayyen suna ya rubuta a ƙarƙashin labarin kasuwar dabbobi cewa Alhaji Maccido, dillalin shanu, da na sata yake cika turkensa. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce. Maganin bai wuce danna yatsa ɗaya ba. Sai dai na gane lambar wayar mai rubutun: surukina ne, mahaifin maiɗakina Shafa'atu, wanda suka saɓa da Alhaji a kan wani bijimi. Ni da ba na iya cin tuwo a gabansa, ba na kama sunansa, ta yaya zan share maganarsa? Na ce wa kaina kunya ce. Amma mutum dubu huɗu suka leƙo a ranar, kuma ban ƙi ba.

Kwana goma sha tara maganar na nan. Sau biyu Alhaji yana aikowa cikin mutunci, ina cewa ina dubawa. Kafin wata ya mutu, fataken Ƙonni da suka shekara ashirin suna sauka gidansa sun sake masauki.

A kotu na ce ba hannuna ya rubuta ba. Alƙali ya tuna mini cewa zauren nawa ne, an kuma kawo mini kuka, amma na bar wa mai ƙazafi tabarma a shimfiɗe. Ya ba da umarni a rufe shafin.

Marigayin ya bar mabiya dubu goma sha ɗaya, da waya guda da ta yi tsit, da suruki wanda har yau bai san na gane shi ba.

Za a binne shi ranar Lahadi bayan La'asar, a tsakiyar kasuwar dabbobi, inda zan nemi gafarar Alhaji Maccido da lasifika, sannan in goge shafin da hannuna. Babu zaman makoki a gidana, don ban cancanci gaisuwa ba. Duk mai niyyar ta'aziyya ya kora dabbarsa ya kai wa Alhaji ya sayar masa. Wata uku ke nan ko ɗan maraƙi ba a ɗaura a turkensa ba.