Ranar da Na Kayar da Uban Amarya a Kimba

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren abokina Bello ba, ko da ni na so in manta, mutanen Kimba ba za su bari ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina aiki a sakatariyar Maiyama, sai babur ya watsar da ni a hanyar Jega, ƙafar dama ta karye. Aka kwashe ni sai Aliero wajen wani tsoho mai ɗori. Ƙarti suka danne ni, ya ja ƙafar nan, na kira sunan uwata a gaban jama'a. Tun ranar na rantse ba abin da zai sake mayar da ni hannunsa.

Da ya kwance ɗorin ya ce, "Kullum da sahe ka dahwa bango ka taka. Yau bakin ɗaki, gobe zaure, jibi masallaci. Kaɗan-kaɗan, kak ka yi hwashi."

Na ce to. Washegari na taka, zafi ya ziyarci ƙwaƙwalwata, na koma katifa. (Gaskiya kwanciyar ma ta yi mini daɗi. Inna kullum farfesu, 'yan dubiya kullum lemo, wa zai tashi?) In ta tambaya in ce ai na zagaya tun tana salla. Shirina shi ne in bar ƙafar ta gama hutawa, rana ɗaya in miƙe gaba ɗaya. Kai, wauta ba ta da magani!

Ana haka bikin Bello ya zo, ni ne kuma babban aboki. Na sha babbar riga, na kafa hula, aka sa ni a mota. Da muka isa na dubi sandata na dubi taro, na ce haba, kamar ni da sanda? Na tura ta ƙarƙashin kujera. Na rataya a kafaɗar abokai kamar muna raha, har suka dire ni a tabarma, sahun gaba, gefen uban amarya, Alhaji Garba, dattijo siriri mai rawani da tabarau.

Aka ɗaura, aka shafa fatiha, kowa ya miƙe ana gaisawa. Ni ma na yunƙura. Ina! Ƙafa ta ce ba ta san wannan magana ba. Na ji zan tafi, na kai hannu na cafki abin da ya fi kusa, ashe rigar Alhaji ce. Muka zube tare cikin faifan goro, rawani ya yi gabas, hulata ta yi yamma. Na ji wani abu ya ce ƙas, na ƙwalla ihu, "Wayyo Allah, ta karye! Ta sake karyewa!"

Ango ya bar baƙinsa, aka cicciɓe ni aka sa a bayan a-kori-kurar albasa, rabin 'yan ɗaurin aure suka biyo mu a babura har Aliero. Kunya tana cina, amma tsoro ya fi ta, don ƙartin nan kawai nake gani. Ina hawaye ina roƙon Bello ya ce wa Baba mai ɗori ya yi a hankali.

Tsoho ya zauna, ya latsa nan, ya latsa can, ya murɗa. Na runtse ido ina jiran a danne ni. Sai na ji ya saki.

"Ƙashi lahiya lau shi ke. Ɗana, ina ka kai da tahiyar da nic ce ka yi?"

Na ce, "Baba… bakin gado."

"Awo. Ƙahwa ta manta aikinta, shi ke nan."

Wani daga baya ya ce to ƙarar da aka ji fa? Direba ya leƙo ya ce ai tabaran Alhaji ne na zauna a kai. Jama'a suka kece da dariya, har da masu jinya. Ni kuwa wallahi daɗi ne ya rufe ni, na dinga alhamdu lillahi ina dariyar tare da su, majina har baki. A yi ta dariya har gobe, tunda ba za a ja ƙafata ba.

Washegari na dafa bango na kai bakin ɗaki ina gumi. Gaba na kai zaure, gaba masallaci, sannu a hankali har na koma ofis da ƙafata. Abin da na tsaya jira ya zo rana ɗaya, ashe kullum yake zuwa, ɗan mitsitsi, ni ne nake korarsa.

Da na warke sosai na sayi sabon tabarau na tafi Kimba ban haƙuri. Alhaji yana hango ni ya tattare rigarsa ya cusa tsakanin cinyoyi, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Tsaya nan inda kake, ina jin ka."