Rasuwar Faifai na Takwas, Wanda Yake Tayar da Bhairu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da wari, ni Dattatray Gholap, mai majigin tanti da ke bin bukukuwan ƙauyukan Satara, nake sanar da rasuwar faifai na takwas, autan fim ɗin dambenmu baƙi da fari. Ya cika ranar Talata a cikin gwangwaninsa, yana da shekara talatin da ɗaya.

Marigayi aikinsa ɗaya ne. Faifai na bakwai yana ƙarewa ne jaruminmu Bhairu na kwance a ƙasa, alƙali ya ƙirga zuwa takwas. Sai a ɗora marigayi, ya ɗan yi tarinsa, "taka-taka-taka", a ji muryar tsohuwa Kashibai tana cewa, "Tashi, ɗan nan, abincinka zai huce!" Bhairu ya miƙe ya gama da ƙaton Fonseka. Marigayi bai taɓa ƙin tayar da shi ba, ko da injin wuta yana shure-shure.

Ciwonsa ƙauna ce ta jawo shi. Ba a taɓa nuna shi ba ba tare da jama'a sun ce a maimaita ba, ni kuma ba na iya musu. In ya tsinke sai in datse in liƙe, har naushi goma sha biyu suka koma uku. Daga bisani ya yi danƙo kamar mazarƙwaila.

Ya rasu ya bar yayye bakwai, duk da ransu amma ba su san inda labari ya dosa ba. Ya bar Kashibai da kwano a hannu, da Fonseka yana murnar da ba tasa ba. Ya kuma bar gardama. Maza suna kallo ta gaban ƙyallen majigi, mata ta bayansa, don haka ni na ga Bhairu ya gama da shi da hannun dama, matata Sindhu ta rantse da hagu ne. Shekara ashirin muna wannan, yanzu shaida ya tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Bhairu, wanda har yanzu yana kwance.

Za a ƙona gawa ranar Asabar da hantsi a bakin kogi. An san marigayi da saurin kamawa, don haka a tsaya nesa, masu shan tabar bidi su ƙara nisa. Bayan nan za a nuna yayyensa bakwai a tanti. Idan alƙali ya kai takwas zan kashe majigi, kowa ya tashi ya tafi gida a hankali. Ina roƙo kada wanda ya ƙarasa ƙirgar, ko a zuci. Muddin ba a ce goma ba, yaron nan bai sha kaye ba.