Yadda Ake Gyaran Tankin Babur a Zauren Suruka

Mijin 'yata Sa'adatu ne ya ɓata min waina. Na faɗa, a rubuta haka. Suruki ne, ba zan kama sunansa ba, amma tela ɗaya ne a Unguwar Gano da ake bin sawun babur ɗinsa da hanci.

Ni ce Inna Ladi mai waina ta Gyadi-Gyadi, shekara talatin da ɗaya a bakin tanda. Ban yi boko ba, ban koyi kanikanci ba, amma wata uku ina zaune ina kallon gwani yana aiki a zaurena. To kai mai babur da tankinka ya yi tsatsa yana yoyo, bi matakan nan. Na yi maka alkawari aljihunka ba zai ji komai ba. Wata ce za ta ji a jikinta.

1. Ka musa

Tanki ba ya yoyo, gumi yake yi. In aka nuna maka inda ƙasa ta jiƙe, durƙusa ka shinshina, ka ce ai na jiya ne. Magabata sun ce tsatsa ado ce ga ƙarfe. Ni dai ban taɓa jin magabacin da ya faɗa ba, amma shi ya ji.

2. Nemi zauren da ba naka ba

Mai gidan da kake haya zai ce ka fitar masa da babur ɗin kafin gida ya kama da wuta. Turo shi gidan surukai. Cire takalmi, tsuguna a bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Inna, ajiya ce ta kwana biyu."

Ba za ta iya ce maka a'a ba. Za ta ja mayafi ta ce, "Ba komai, Allah ya yi albarka." Kwana biyun suruki wata uku ne.

3. Sabulu

Goga shi a ɓular har ta toshe. Kada ka saya, akwai na wanke-wanke a gindin randa. In ya narke, cingam. In cingam ya saki, leda da tsumma. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, ballantana da itacen wani.

4. Kada ka saurari mai walda

Kai tankin wurin Ayodele mai walda a Tarauni, don a ce ka kai. Zai ɗaga shi sama, ya hango rana ta ciki, ya ce, "Malam tela, wannan ba tanki ba ne, rariya ce. In na sa masa wuta, ni da kai sai dai a ba da labarinmu. Je Ƙofar Ruwa ka sayi wani."

Yi murmushi. Ce masa naka na asali ne, na yanzu duk gwangwani ne. Ɗauko kayanka ka dawo zaure.

5. Wanke tsatsar

Nan ne aikin yake, ka natsu.

Wani a teburin mai shayi zai gaya maka ruwan tsamiya yana cin tsatsa. Gaskiya ya faɗa. Jira sai surukarka ta tafi ta'aziyya Babban Giji. Tsamiyarta ta kunu tana nan a jiƙe. Juye ta cikin tankin, ƙara tsakuwa, girgiza kamar mai kaɗa caki.

Sai ina za ka zubar? Ga shuɗin bahon roba nan a jingine bayan ƙofa. Kada ka tambayi na mene ne. Na kwaɓa ƙullun waina ne, amma ilimi da yawa yana hana aiki. Juye, ɗauraye, goge, jingine shi yadda ka same shi.

Kada ka ji tsoron hancinta. Wata uku tana shaƙar feturinka safe da yamma, ta daina bambancewa. Roba kuwa ba ta mantuwa.

6. Yi shiru

Washegari akwai suna a gidan Hajiya Maimuna a Darmanawa, wadda tun haihuwarta ta fari ni nake yi mata waina. Ɗari huɗu na toya, na yi kwalliya na bi kayana.

Wata ta gutsura, ta tsaya da tauna, ta ce, "Inna Ladi, wannan lita nawa aka sa mata?"

Ta kusa da ita ta ce, "Ku dai nisanta ta da murhu."

Hajiya Maimuna ta sa aka rufe kwanukan, aka dawo min da su gida, da gaisuwa. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Tun daga ranar, duk wanda ya zo saye sai ya kai hanci kafin ya kai baki. Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa shinshina min waina ba.

Kai dai ka ci gaba da ɗinkinka. Matarka ce za ta tona, in uwarta ta tsare ta da ido: "Inna, wallahi ya ce sau uku ya wanke da omo."

7. Sayi sabon tanki

Wanda Ayodele ya ce tun farko. Ɗaura shi, goge shi yana ƙyalli. Sai ka aiko matarka da sabon baho, ja, mai hannu biyu, kai kuma ka canja hanyar zuwa shago.

Bahon yana da kyau. Ba baho na rasa ba.

Duk wanda ya bi matakan nan babur ɗinsa ya tashi da wuta, ko surukarsa ta tashi da shi, babu ruwana. Ba ni na ƙirƙiro ba, gani na yi.

Shi kuwa mai ƙirƙirar, ga saƙo. Juma'a bayan la'asar ya je zauren Hajiya Maimuna da tsohon tankin a hannu, ya ɗaga murya yadda matan cikin gida za su ji, ya faɗi abin da aka juye a bahona. In kunya ta hana shi, ya zo da kawunsa ya faɗa a madadinsa, amma tankin ya zo, kuma shi zai riƙe. Kunya ce ta sa na buɗe masa zaure, ba ita za ta rufe min tanda ba. Wainar safe da nake aika masa kullum ta tsaya, sai ya amsa.