Turmin Garhanga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da turmi ya kama ni da sata a Garhanga. Na yi shekaru ina tafiyar da ofishin mulki na jami'a, ni ne kuma mai shugabantar zaman ladabtar da ɗalibai, amma har na aje aiki ban ba kowa labarin nan ba.

Lokacin yaƙin Turawa na biyu ne. Ina sabon magatakardan kotu, fitowata daga lakwal, wato makarantar boko, ke nan (kaina cike da dokar Faransa, ƙafata cikin takalmin da ke cizona). Aka aike ni bincike: mundayen azurfa na wata tsohuwa, Inna Tasalla, sun ɓace daga rumbunta, inda take binne su cikin hatsi. Garin ba baƙo ba ne gare ni, don ko a makon da ya wuce na kwana can, har Maigari ya sa aka cika mini taiki da hatsin doki kamar yadda ake yi wa ma'aikata.

Kafin hantsi na gama bincikena. An ga sawun wani makiyayi, Agali, kusa da rumbun, sai na sa gardi, ɗan sandan da ke rakiyata, ya ɗaure shi. Gidan kaso ke jiransa, garkensa kuma ba mai tsaro.

Agali ya kira ni da lakabin girmamawa na Faransanci, ya ce, "Mushe, inuwa ɗai ni sha nan."

Ban ko dube shi ba. Maigari ya matso ya ce, "Mushe, mu nan ba mu kai mutum kaso sai turmi ya hwaɗi." Na yi dariya, na ce a kawo turmin, in nuna musu bambancin ilimi da camfi.

Rana tsaka aka aje turmin Inna Tasalla a fili, ƙarti biyu suka riƙe shi. Wani tsoho mai ido ɗaya ya durƙusa ya yi magana cikin bakin turmin, ƙasa-ƙasa, kamar mai rarrashin jinjiri. Garin ya yi tsit. Ko kaza ba ta yi kuka ba. Can sai na ji wani gunji daga cikin turmin, alhali babu kome ciki, ni da kaina na leƙa. Gaskiya tsoro ya kama ni.

Turmin ya fizgi ƙartin nan. Ya ja su har gaban Agali, ya tsaya jim kaɗan, ya wuce. Ya kewaye Maigari. Sannan ya juyo da bakinsa wajena. Na matsa dama, ya bi ni. Na matsa hagu, ya bi ni. Na ja da baya (cikin natsuwa, a ganina, ko da yake gardi ya ce gudu ne) har na jingina da dokina. Turmin ya daki taikin da ke ɗaure ga sirdi, ya faɗi.

Aka zazzage taikin. Daga ƙasan hatsi mundaye suka faɗo, suna walƙiya. Ashe daga rumbun tsohuwar aka ɗebar wa dokina hatsi tana unguwa, kuma duk mako ina yawo da kayan satar da aka aike ni nema.

Ba wanda ya yi dariya, wannan ya fi yi mini ciwo. Da hannuna na kwance Agali, igiyar ta riga ta yanke masa wuyan hannu. Inna Tasalla ta sa mundayenta, ta dube ni ta ce, "Ɗana, yanzu wa za a ɗaure?"

Har yau ban san abin da ya ja turmin nan ba, kuma ban son jin daka da rana tsaka. Abokan aikina na jami'a sun sha tambayata dalilin da ya sa, kafin a shigo da ɗalibin da ake tuhuma, nake buɗe jakata in zazzage ta bisa tebur. Nakan ce alƙalami nake nema.