Kocin Bijimai na Harra ta Gabas

"Ku ba ni usur ɗin nan na mako biyu kacal, in mayar muku da samarin Harra bijimai! Wallahi 'yan Ƙiblatain sai sun koma gida da rarrafe!"

Haka yayana Sharfuddeen ya faɗa a gahawar Sultana, yana dukan tebur har kofunan shayi suna tsalle. Allah ya jiƙansa, wata biyar ke nan da muka kai shi maƙabartar Baƙi'a, amma duk sanda na tuna wannan rana sai na yi dariya har hawaye su zubo, in rasa na wanne ne.

Tsaya ka ji asalin ciwon. Yaya Sharfu ya yi shekara uku yana tuƙa motar ruwa a wani kamfanin Amirkawa a Yanbu. Duk Juma'a Turawan kan taru su kalli kaset ɗin ƙwallon ƙasarsu, irin wadda ake rungumewa a ƙirji a ruga, ƙatti su bi mutum su danne. Shi kuma yana tsaye bayan kujeru da butar shayi. Maigidansa na son wata ƙungiya mai hoton bijimi a hula, wadda a shekarun nan ba mai tsayawa gabanta. Sai Yaya ya ɗauke ta ya zuba a zuciya. Sunanta na Turanci bai taɓa fita bakinsa iri ɗaya sau biyu ba, don haka ya huta ya raɗa mata Bijimai.

Da aiki ya ƙare ya dawo Madina da ƙwallo guda mai siffar gwanda da hular ƙarfe mai keji a fuska. Daga nan kuma Bijimai suka fara rubewa. Duk direban da ya zo daga Yanbu labarinsa ɗaya ne, an sake lallasa su. Yaya sai ya zabga tagumi kamar an yi masa rasuwa.

"Yaran yanzu ne suka ɓata mana suna," in ji shi. "Mu a zamaninmu, in muka shiga fili ƙasa girgiza take yi."

Mu! Mutumin da iyakar Amirkarsa ita ce ƙofar ɗakin kallo. Shekara shida muna shan wannan karatu tare da shayi, safe da yamma.

To, a shekarar tamanin da shida kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu, Harra, ya koma Riyad, ga wasa da 'yan unguwar Ƙiblatain saura mako biyu. Wanda kowa ya sa ran zai gaje shi shi ne Khalilu, wani tela ɗan Sudan da ya daɗe yana taimaka masa. Shi ya sa da Yaya ya yi wannan cika-baki, Khalilu ya ajiye kofinsa a hankali.

"Ya zol, wasan da ka sani da hannu ake yinsa. Namu na ƙafa ne."

"Ƙwallo ƙwallo ce, Sarkin Allura. Ilimin yana nan," Yaya ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Kai tsaya a kan ƙafar wando."

Baba Bature, dattijon da ke riƙe da ƙungiyar, ya shafa gemu. "Tayyib, Sharfu. Na ba ka wasa ɗaya. In kun ci, usur naka ne. In an ci ku, na Khalilu ne, kuma ba za ka ƙara ambatar Bijimai a gahawar nan ba har abada."

Gahawa ta ɗauka baki ɗaya: "Amin!" Har Bayamanen da ke dafa shayi sai da ya leƙo ya ce amin.

Yaya ya so ya ja da baya, don in ka cire masa Bijimai daga baki ba abin da zai rage sai sallama da tari. Amma ido ya yi yawa. Ya miƙa hannu, aka ƙulla.

Ranar farko ya kai ƙwallonsa mai daraja wurin Abdou, ɗan Chadi mai banshar, wato mai facin taya, ya ce a ƙara mata iska kaɗan. Ya tsallaka sayen burodi. Bai kai ga karɓar canji ba ya ji ƙara kamar igwar shan ruwa ta azumi. Ya dawo a guje ya tarar da Abdou riƙe da fata biyu.

"Ya shaikh, na ga ta lanƙwashe ne, na ce bari in daidaita maka ita," in ji Abdou. "Ina ba ta iska tana ƙin zama kewaye, ina ƙarawa tana ƙi. Taurin kai gare ta."

"Haka aka halicce ta, jakin Chadi! Daga Amirka ta zo haka!"

"To ai sun cuce ka."

Yaya ya naɗe gawar a shimaginsa, wato mayafin da yake yafawa a ka, ya ce ba komai, Bijimai ma sun taɓa rasa kyaftin suka ci kofi.

Rana ta biyu ya ce ba a shiga fili ba kafaɗa. Ya kwashe matasan kai na ɗakin baƙi, matarsa Sakinatu tana biye da shi har ƙofa tana cewa, "Abu Aisha, in alhazan Kano suka sauka, a kan hularka za su kwana?" Ya cusa wa kowane ɗan wasa guda biyu a cikin riga. Ka ga samari goma sha ɗaya, a zafin Madina, kowa kamar raƙumin da aka yi wa tozo a gefe.

Amma babban sirrin shi ne abin da ya kira shawara. Ya ce Bijimai ba sa motsi sai sun yi da'ira, sun haɗa kai, sun sunkuya, sun ƙulla dabara a asirce.

"Duk sanda kuka ji na buga hular nan da cokali, kowa ya bar abin da yake yi, a taru a tsakiya."

Ni ne mai tsaron gida, sai na ce, "Har da ni, Yaya?"

"Ɗan'inna, kai ba ɗan ƙungiya ba ne? Ko kana so a ƙulla ba kai?"

Na ce haka ne. Samarin kuma suka ce, "Tayyib ya ammi." Ba wanda ya yi tambaya ta biyu. Ka ga ashe wautar ba a kansa kaɗai ta sauka ba.

Juma'a bayan la'asar aka cika filin da ke bakin baƙaƙen duwatsun Harra. Khalilu ya samu dutse mai inuwa ya zauna yana ɓare gyaɗa. Minti goma na farko lafiya lau, har mun kusa ci. Sai muka ji ƙwal! ƙwal! ƙwal!

Muka watsar da ƙwallo muka ruga tsakiya, muka haɗa kai muka sunkuya. Ɗan wasan Ƙiblatain ya tsaya da ƙwallo a ƙafa, ya dubi alƙali ya ce, "Wani ne ya faɗi?" Alƙali ya ɗaga kafaɗa. Mutumin ya tako a hankali kamar mai zuwa masallaci, ya tura ta raga.

"Ya hakam!" Yaya ya yi wa alƙali ihu. "A tsayar da agogo! Muna shawara!"

"Ku yi ta a gida," in ji alƙali.

Yaya ya ce laifinmu ne, mun yi jinkirin taruwa. Karo na biyu muka taru da sauri, su ma suka ci da sauri. Daga nan ya canza dabara, ya ce a riƙa kamawa. Balarabe, ƙaton bayanmu, ya rungumi ɗan gabansu ya maka shi da ƙasa, matashi ya fashe, auduga ta turnuƙe fili. Alƙali ya laluba cikin audugar ya nuna masa jan kati. Kafin a tafi hutu an zuba mana huɗu.

Da aka dawo, samari suka zubar da matasan, suka toshe kunne. Yaya ya yi ta ƙwal-ƙwal har cokali ya lanƙwashe, ba wanda ya waiwayo. Daf da tashi muka samu ɗaya. Alƙali ya busa, huɗu da ɗaya.

Baba Bature ya miƙe zai karɓi usur, sai ga Yaya ya kifa hular ƙarfe a ka ya faɗo fili yana tsalle.

"Mun ci! Mun ci! A dokar Amirka, in ka kai ƙwallo gida maki shida ne! Shida da huɗu ke nan!"

Alƙali, malamin lissafi ne a makarantar firamare, ya zaro takarda da biro daga aljihu.

"Ka tabbata da dokar nan kake so a rubuta, ya ustaz?"

"Da ita! A gaban shaidu!"

"Khalas. Harra shida." Ya rubuta. Yaya ya ɗaga hannu sama yana juyi. "Ƙiblatain kuma huɗu sau shida, ashirin da huɗu."

Ihun da ya tashi na tabbata an ji shi har Uhudu. Khalilu ya faɗo daga kan dutse, gyaɗa ta watse. Baba Bature ya zare igiyar usur daga wuyan Yaya, ta maƙale a kejin hular, sai da mutum biyu suka taya shi.

"Ai ko Biji…" Yaya ya fara.

"Alkawari!" jama'a suka daka masa tsawa.

Ya haɗiye sauran sunan da ƙyar. Sannan ya matso kusa da alƙali, murya can ƙasa daga cikin keji, ya ce, "Ya hakam, don Allah a mayar da shi lissafin Madina."

Alƙali ya ninke takardar ya miƙa wa kyaftin ɗin Ƙiblatain.

"Ma'alesh, sai haƙuri, ya koci. Da biro na rubuta."